Fentin Hiace ɗina a Jos cikin tsakiyar hunturu: yadda garejin ya yi min

Tunda motar nan ta fito mutane ke tare ni a bakin shaguna suna tambayar wa ya yi min fenti, nawa aka yi, kuma wai da gaske a cikin wannan sanyin aka fesa ta, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji in huta da maimaici. A taƙaice dai aikin ya yi kyau, in maki ne zan ba su bakwai cikin goma, ukun da na cire kuma zan faɗi dalilinsu ɗaya bayan ɗaya ba ɓoye-ɓoye. Sunan wurin ne kawai bazan kama ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganar, amma yana can ta wajen Farin Gada in ka bar titi ka shiga layin masu gyaran mota.

Motar Toyota Hiace ce, irin wadda muke cewa Hummer, fara, mai dogon rufi, kuma ba fasinja nake ɗauka da ita ba, ƙwai nake sarowa daga gidajen gona na wajen Bukuru in raba wa shaguna a cikin gari, wani lokacin in leƙa Bauchi. Farin nata ya riga ya mutu ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, in ka shafa hannu sai ka ga gari a tafinka, tsatsa ta ci kwatar rufi wajen da aka ɗaure kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota, ta ci ƙasan ƙofar ja, ga lotsawa a ƙofar baya inda wani mai keke ya sumbace ni a Terminus. Mai saida abinci in motarsa ta yi datti ko kayansa na da kyau sai an raina shi, shi yasa na matsu. Dalilin da yasa na zaɓi Janairu kuwa, bayan an gama hidimar Kirsimeti da sabuwar shekara kasuwa kan ɗan ja baya, shi ne lokacin da zan iya ajiye mota ban yi asara mai yawa ba. Matsalar ita ce shi ne kuma lokacin da Jos ta fi sanyi, garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, da asuba sanyi kan sauko wajen digiri 10 ko ƙasa da haka, da rana kuma ya ɗaga zuwa ashirin da wani abu, ga hazo ga ƙura.

Garejin kashi biyu ne. Akwai fili a waje inda ake bita, wato daddaka lotsawar jikin mota, da walda da goge-goge, sannan akwai ɗakin feshi, ginin bulo ne da silin, ƙofar ƙarfe babba mai faɗin da Hummer zata shige, fanka mai zuƙe iska a bangon baya, tagar shigar iska an toshe ta da soso don tace ƙura, sai fitilu dogaye a jikin bango da wasu fitilun zafi guda biyu masu ƙafa da ake turawa. Abu na farko da ya sa na yarda da maigidan shi ne da bakinsa yace min wannan ba obin bane, wato ba ɗakin gasa fenti bane. Don wallahi na zaga wurare kafin in zo nan, kowa ya rubuta obin a allonsa, ka shiga ka tarar ɗaki ne kawai da tamfol da ƙwan lantarki. Obin na gaske yana da injin hura zafi da zai kai ɗakin wajen digiri 60 ya riƙe kamar minti 30, fenti ya gasu a fito da mota a ranar, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake da su ma an yi su ne don ƙananan motoci, mai dogon rufi bata shiga. Shi dai yace ɗaki ne mai rufi da fitila, abinda zai iya kenan, in obin nake so ya san inda zai tura ni amma in shirya kuɗi.

Dattijo ne, zai yi sa'an babana, kowa Baba yake ce masa har masu kawo mota. Da muka gama ciniki nace Baba yaushe zan zo in ɗauka, sai ya yi dariya yace Alhaji a wannan sanyin ba ni ke sa rana ba, rana ce ke sa min, in ta fito da ƙarfi mu fesa, in hazo ya rufe ta mu zauna mu sha shayi. Nace Baba ai kasuwa ce, mota in tana tsaye ni ma tsaye nake. Yace to ɗana akwai masu fesa maka ita gobe da ƙarfe bakwai na safe ka ɗauka jibi, ga su can a bakin titi, amma in ta fara zuba kar ka dawo min da ita. A lokacin raina bai so ba gaskiya, na ɗauka salon jan aiki ne irin na masu sana'a, amma da na zauna a wurin ina kallo na gane cewa kuɗin da na biya rabinsa ba na fenti bane, na wannan jiran ne.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya yi min bayani kuma na gani da idona. Fentin mota na yanzu ba bushewa kawai yake ba irin na bango, haɗi ne, ana zuba masa hadina, wato sinadarin da ke sa shi tauri, su biyun su kama juna su ƙanƙame su yi tauri, kuma wannan kamun zafi yake so, wajen digiri 20 zuwa 25 shi ne daidai, abinda kamfanonin ke rubutawa a takardar fentinsu ma kusan duk a kan digiri 20 suke lissafi. In sanyi ya sauko ƙasa da 15 aikin sai ya riƙa jan ƙafa, in ya kai wajen 10 kusan tsayawa yake, sai ka ga sama ya bushe ka taɓa ba ya kama hannu amma ciki danye ne, kwana da kwanaki in ka danna farce sai ya shiga. Na biyu, fentin kansa kauri yake yi a gwangwani kamar yadda manja ke daskarewa da safe, to in ya yi kauri ba ya fita daga gon, wato bindigar feshi, da laushi, sai ya faɗa jikin mota gudaji-gudaji ya bushe da kurji-kurji ba santsi. Mai gaggawa maganinsa ɗaya ne, ya ƙara tina ya tsinka shi, daga nan kuma sai a faɗa ɗaya ramin, don tina ba ta saurin tashi a sanyi, fenti ya daɗe yana ruwa a jikin ƙarfe, kuma Hiace ai duk jikinta bango ne a tsaye, faffaɗa, babu inda zai tsaya ya huta, sai kawai ya gangaro ya yi hawaye. In bai yi hawaye ba ma sheƙin zai mutu bayan ɗan lokaci saboda an tsinka shi fiye da ƙima. Na uku wanda ban taɓa tunani ba, wai ba zafin iska ake dubawa ba, zafin ƙarfen motar ake dubawa, ƙarfe goma na safe kai ka cire rigar sanyi kana jin daɗi amma motar da ta kwana a ɗakin bulo in ka ɗora tafi a kanta har yanzu ƙanƙara ce. Baba baya da wani na'urar awo, bayan hannunsa yake ɗorawa a ƙofa da rufi, in bai gamsu ba yace a turo ta waje ta sha rana.

Aikin jiki ya ɗauki lokaci fiye da feshin nesa ba kusa ba, kuma a nan ne suka fi burge ni. Tsatsar ƙasan ƙofa basu shafe ta da fila, wato kwaɓin da ake cike ramukan jikin mota da shi, sun rufe ba kamar yadda ake yi mana, mai bita ya yanke wurin ya sa sabon falle ya yi walda ya daddaka ya daidaita, sannan aka sa fila siriri. Kwatar rufi suka cire kariya gaba ɗaya suka kankare har sai da farin ƙarfe ya fito. Ita ma fila tana da nata rigimar da sanyi, don da ɗan jan hadina ake kwaɓa ta kaɗan, kuma in gari da sanyi bata saurin kamawa, to yara sai su riƙa zabga mata hadina don ta yi sauri, ina zaune Baba ya ƙwace faranti daga hannun wani yaro ya zubar da abinda ya kwaɓa yace kai wannan jan da ka cika, wata biyu zai fito ta cikin farin fenti ya yi tabo rawaya-rawaya, farar mota bata rufa asiri. Sai ya sa aka jawo fitilar zafi aka haska wurin. Haka kuma bai yarda a goge fila da ruwa ba, a bushe ake gogarta da sanfefa mai kaushi lamba 80 sannan 180, don tana shan ruwa, kuma a wannan yanayin ruwan ba zai fita da wuri ba, a rufe shi da firama, wato shafin farko da ake fesawa kafin fenti, daga baya ya taso ya yi ƙuraje. Sai da aka fesa firama ta bushe sosai sannan aka bi da mai laushi da ruwa, su 400 zuwa 600, kuma ranar da aka yi wannan wankin ba'a fesa komai ba, aka bar ta a rana aka bi duk lunguna da iskar kwamfreso, bakin gilas, maƙallan ƙofa, layin da ƙofar ja ke gudu, don ruwan da ya maƙale a nan shi ne ke fitowa tsakiyar feshi ya ɓata aiki. Yaran dai na tausaya musu, hannu cikin bokitin ruwan sanyi, duk ya farfashe.

Kayan fenti tare muka je muka siyo da babban yaronsa, kuma Baba ne da kansa yace in bi shi in ga abinda ake siya da kuɗina, wannan ma maki ne. Masu fenti a nan kashi biyu suke kiran abin, otobes da otokiril, asalinsu sunayen fentin kamfanin Sikkens ne amma yanzu ko na wane kamfani ne haka ake ce masa. Otobes shi ne a fesa launi sannan a bi shi da kiliya mai sheƙi a sama, otokiril kuma launin da sheƙin a haɗe suke, da hadina. Ni da na so otobes don naga shi ake yayi, Baba yace motar aiki ce fara ba mai ƙyalli ba, otokiril ya ishe ta, ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauƙin gyara in an ƙuje ta, kuma a wannan yanayin duk hannun feshin da ka rage ka rage wa ƙura damar sauka. Lambar launi a jikin motar take a ɗan farantin da kamfani ya manna, tawa 058 ce, farin Toyota na Hiace, da ita aka haɗa, ban canza launi ba balle in shiga zaryar gyaran takardu. Abinda ya nace a kai shi ne hadina mai saurin kamawa da tina mai sauri, waɗanda aka yi don sanyi, ba irin wanda ake amfani da shi a watan Afrilu ba, amma kuma yace ba mai saurin gaske ba, don mota babba ce, kafin ka zagayo inda ka fara ya bushe sai mahaɗar ta fito. Kuɗin kaya kam ba'a magana, tunda aka saki naira a 2023 duk abinda ake shigowa da shi ya tashi, har da fenti da hadina, shi yasa jabu ya cika kasuwa, tina ma akwai wadda ake sirkawa da fetur a saida a jarka. Yaron sai da ya buɗe ya shinshina, ya ɗiga a kan gilas ya jira ta tashi ya ga ko zata bar maiƙo. Da muka dawo kuma ba'a bar gwangwanayen a ɗakin feshi sun kwana ba, ofis aka kai su, ranar aiki aka jera su a rana tun hantsi.

Ranar feshi na zo da wuri don in gani. An turo mota waje wajen ƙarfe tara tana shan rana, yara suka share ɗaki suka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, yayyafi kawai ba malale ba, aka buɗe ƙasan tankin kwamfreso aka zubar da ruwan da ya taru, kuma ka ga ruwa ja da tsatsa yana fita ka rantse ba hunturu ake ba, wannan ruwan in ya biyo tiyo ya shiga gon shi ke sa fenti ya yi ƙananan ramuka. Wani abin da hunturu ke jawowa kuma shi ne wannan ɗan lantarkin da kake ji yana tsartar ka in ka taɓa ƙofar mota ko bargo, saboda bushewar iska, to in aka goge jikin mota da busasshen tsumma sai ta riƙa jawo ƙura da kanta, musamman bamba da yake roba ce, shi yasa da wani ƙyalle mai danƙo suka bi ta a hankali daf da za'a fara. Sai wajen sha ɗaya da rabi aka mayar da ita ciki aka ja ƙofa. Baba da kansa ya riƙe gon, ya haɗa biyu na fenti ɗaya na hadina da ɗan tina a kofin awo ba da ido ba, ya tace, ya gwada a jikin wani tsohon bonet. Hannun farko siriri ya yi, har na ce a raina wannan ai bai rufe ba, sannan ya fito ya zauna a benci. Nace Baba lafiya, yace da zafi ne minti goma ya isa in koma, yau sai na ninka, in ka ɗora na biyu a kan danye shi ne kake haƙa wa kanka rami. Ya koma ya taɓa tef ɗin da ke gefen gilas ba jikin mota ba, ya ji ya yi danƙo ba ya biyo yatsa, sannan ya ɗora na biyu cikakke. Gefe biyu da gaba sun fito tas, kana ganin fuskarka.

To ga inda maki na ya fara zubewa. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta, janareton garejin kuma ya ƙi tashi, wai tun jiya yake tari ba wanda ya duba, ranar da kuka san zaku fesa mota guda. Kafin a nemo mai gyara a tada shi la'asar ta kawo jiki, saura ƙofar baya da bayan rufi, Baba kuma aka kira shi gida wata larura ta taso ya tafi, ya bar cewa a bari sai gobe. Babban yaron, ko don fentin da aka riga aka haɗa kar ya daskare a kofi ya lalace, tunda in an zuba hadina sa'o'i kaɗan gare shi, ko don ya nuna shi ma ya iya, sai ya fesa wajen ƙarfe biyar, ya rufe ɗaki ya tafi, fitilun zafi ma ba'a kunna ba don an kashe janareto, fenti danye ya kwana cikin sanyin Jos. Washegari na zo na tarar da hawaye biyu dogaye ƙarƙashin gilashin baya, ɗaya ya gangaro har wajen lamba, kuma farin ƙofar ya dushe, in ka tsaya a kusurwa ka haɗa ta da gefen da Baba ya yi kamar ba gwangwani ɗaya bane. Sauri ya haifi nawa kenan. Abinda zan yaba, Baba bai tsaya kare yaronsa ba kuma bai ce min ai haka fenti yake ba zai gyaru da folish, yace Alhaji ka yi haƙuri wannan namu ne, za'a sake, fentin da za'a ƙara ni zan siya. Amma sakewar ba nan take bace, dole a jira ya yi tauri kafin a goge, in ka sa sanfefa a kan danye naɗewa yake yana cin takarda, haka aka yi ta haska shi da fitila ana fito da ita rana, sannan aka goge ƙofar duka aka sake fesawa da tsakar rana. Wannan kaɗai ya ƙara min kusan mako a kan abinda na yi tsammani, ina biyan hayar wata motar ina raba ƙwai, kuma wannan asarar ba wanda ya raba ta da ni.

Na biyu, rufe-rufensu bai yi ba. Da tsofaffin jaridu da tef mai araha suka rufe gilasai da robobi, tef ɗin kuma a sanyi ba ya kamawa sosai, ya ɗaga a wasu wurare, feshi ya shiga ya hau robar gilashin gefe da hannun ƙofar direba da kan fitilar baya guda. Sun goge na gilas da reza da tina, amma na roba har yau akwai farin layi. Aikin da aka yi wa jiki wahala haka bai kamata a zo a yi tsumulmular tef ba. Sannan waya, Baba ba ya ɗaga waya in yana aiki, na gane, amma yaran ma in ka kira sai su ce an kusa, an kusa ɗin nan ba ta da ma'ana, sai ka taso ka zo da ƙafarka.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna ko da yake ba motata ya shafa ba. Baba yana da abin rufe hanci na gaske mai gwangwani biyu a gefe, amma yaran da ke shiga ɗakin tare da shi suna riƙe tiyo, ɗaya takunkumin asibiti ya sa irin na lokacin korona, ɗaya tsumma ya ɗaura, in an fito sai a aika a siyo musu madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, feshi huhu yake zuwa, ba su ma haɗu a hanya ba. Hadinan nan akwai sinadari a cikinsa da ke jawo asma, kuma wanda ya kamu ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya sai ƙirji ya toshe, ga shi a sanyi ana rufe ko'ina ruf don zafi ya zauna, hayaƙin ya fi taruwa. Ɗaya daga cikin yaran tari yake tun ranar da na fara zuwa har na ɗauki mota, kowa na cewa mura ce ta hunturu. Sannan da safe sukan hura gawayi a wani tsohon rim suna jin ɗumi, ba laifi, amma taku kaɗan ne tsakaninsa da inda ake wanke gon da tina, tururin tina kuma a ƙasa yake bi, ba sai wuta ta taɓa jarka ba. Na faɗa wa Baba cikin ladabi, nace Baba wannan wutar da za'a matsar da ita bakin gate da hankalina ya fi kwanciya, motata ce a ciki, ya sa aka matsar, washegari na dawo na tarar ta koma inda take.

Da zan ɗauka ya yi min jawabi kamar mai sallamar amarya. Kar a wanke ta da omo, ruwa zalla da tsumma mai laushi, shi ma sai bayan sati, kar in rufe ta da tamfol da dare don zai kwanta a jikin fentin ya bar shaida, kar a sa mata folish ko a manna sitikar kasuwanci sai ta yi wata ɗaya ko fiye don tina na ci gaba da fita a hankali, kariya ma yace in jinkirta ɗaurawa in kuma zan ɗaura in sa roba a ƙarƙashin ƙafafun, kuma duk inda na samu rana in ajiye ta a rana. Ƙurar hunturu in ta kwanta mata kar yaro ya zo ya share da busasshen tsumma, wannan ƙurar yashi ce mai laushi, zata zazzana sabon fenti, a zuba ruwa ta gangara. Akwai 'yan ƙwayoyin ƙura da suka faɗa a rufi da gefe ɗaya, in ka shafa zaka ji su, yace in dawo bayan fentin ya gama tauri su bi da sanfefa lamba 1500 da 2000 su buga mata injin folish kyauta, na koma kuma sun yi ba gardama, yanzu sai ka nema da gangan zaka samu.

Zuwa yanzu ta sha hanyar Bauchi ta sha ta Saminaka, an fara ruwa ma ta sha, babu inda ya kumbura, wurin walda bai nuna ba, ba tabon rawaya a inda aka sa fila, ƙofar bayan da aka sake ta zama ɗaya da sauran jiki. Gaban ne kawai tsakuwa ta ɗan tsattsaga ƙasan bamba, wannan kuwa ko daga kamfani ta fito sai ta yi.

Kuɗinsu ya fi na bakin titi, in ka haɗa da kaya ya kusa ninki biyu na abinda wani ya ce zai yi min a ƙarƙashin bishiya, amma bai kai na masu obin na gaske ba ko kusa. Wanda zai saida mota sati mai zuwa yana son ta yi ƙyalli a hoto, nan ba wurinsa bane, zai ƙosa ya yi faɗa da dattijo a banza. Wanda kuma motar ita ce abincinsa yana so ta ƙara shekaru, ya je, amma ya tanadi motar da zai yi aiki da ita na kwanakin da ba'a faɗa masa ba, ya siyo tef mai kyau da kansa ya kai musu, ya tambayi lafiyar janareto tun kafin ranar, kuma ya faɗa a gaban kowa cewa in ba Baba ne ya riƙe gon ba, ko rana ta wuce ƙarfe uku, kar a fesa masa ko murfin tanki. In kuma zai iya jira zuwa ƙarshen Fabrairu ko Maris sanyi ya sassauta kafin ruwa ya sauka, aikin zai fi sauri, ƙura ce kawai zata rage masa. Ni dai akwai ƙaramar Hijet ta ƙanina da ke jiran layi, can za mu kai ta, sai dai na riga na gaya wa Baba robar gilashin da suka ɓata min a cikin kuɗin wannan za'a cire.